Fuskar da Uwani Ta Auna

Duk macen da ta rasu tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku a waɗancan shekarun, da wuya a kai ta makwanci ba ta bi ta hannun Uwani ba. Ita ce mai wankan gawa. Jakarta kullum a rataye take a bayan ƙofa: sabulu, garin magarya, kafur da auduga. Ba ta karɓar ko sisi, bakinta kuma gum. Abin da ta gani a jikin mamaciya a ɗakin take barinsa, kamar yadda aikin ya gada.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ana ta murnar mulkin farar hula, risho ya fashe mata a fuska, ashe kananzir ɗin gauraye yake da fetur. Ta yi wata biyar a asibiti. Ta fito da ranta, amma hanci ya tafi, leɓen ƙasa ya manne da haɓa. Miji ya riga ya rasu, 'yarta guda tana aure a Gusau. 'Yan dubiya suka yi mako biyu suna zarya, daga nan ƙafa ta ɗauke. Mutanen unguwa ba mugaye ba ne, kowa yana gaishe ta, sai dai idonsu yana ƙasa ko kan bangon da ke bayanta. Biki da suna kuwa sai dai ta jiyo guɗa daga ɗaki. Gidan rasuwa kaɗai ake aiko mata, a can ne kawai take taɓa jikin ɗan Adam. Kaɗaici ya ci ta ƙwarai, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Mutum ɗaya ce take kallonta ido cikin ido, maƙwabciyarta Rifkatu, tsohuwar nas 'yar Kafanchan, wadda ta ga abin da ya fi wannan.

Shekara shida bayan ƙunar, wata rana da hantsi, Uwani ta ji a rediyo cewa likitoci a Faransa sun ɗauki fuskar wata mamaciya sun dasa wa mai rai. Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa gidan Rifkatu.

"Sista, da gaske ne?"

"Da gaske ne, Yaya Uwani, amma ba wasa ba ne. Magani za ta yi ta sha har ƙarshen ranta, kuma jiki yana iya ƙin fuskar ta lalace. Sai kuma dangin mai fuskar sun yarda. Ke da kika san mutanenmu, wa zai bari a binne 'yarsa ba fuska?"

Uwani ta ce, "To idan sun yarda, sukan riƙa zuwa ganin wadda aka sa wa?"

"Ganinta kuma? Don me?"

"Ai fuskar 'yarsu ce. Ni dai, da a ce uwar za ta zo kullum ta zauna ta kalle ni, wallahi da na sha maganin."

Rifkatu ta miƙe ta ɗora ruwan shayi.

Maganar ta zauna wa Uwani a rai. Ta san ba ta da kuɗin zuwa Faransa, ko Legas ba ta taɓa zuwa ba, amma zuciya ba ta tambayar kuɗin mota. Bayan mako uku aka kira ta Tarauni, wata matashiya mai suna Ladi ta rasu wajen haihuwa. Gwaggon mamaciyar, Hajiya Binta, ita ce mai zuba ruwa. Uwani ta yi wa gawar wanka da alwala yadda ya kamata. Da ta zo ɗaure haɓa sai hannunta ya tsaya. Fuskar sumul take, ba ko tabo. Ba ta san lokacin da ta buɗe yatsu ta auna daga goshi zuwa haɓa ba, sannan ta kai hannun kan tata fuskar.

"Uwani, me kike aunawa?" in ji Hajiya Binta.

Da ta ce tsawon ƙyallen ɗauri take dubawa, da shi ke nan. Amma matar da ta shekara ashirin tana riƙe sirrin matattu ta kasa riƙe nata.

"Daidai take da tawa, Hajiya," ta ce a hankali. "Ga shi ƙasa za ta ci."

Hajiya Binta ta ajiye buta ta yi salati. Kafin sadakar uku labari ya zaga Tarauni, wai Uwani tana auna fuskokin gawa za ta sayar wa Turawa. Ba wanda ya zo ya tambaye ta.

Wata biyu ba a aiko ba. Ranar da tsohuwar gidan da ke kallon nata ta rasu, Uwani ta sauke jaka, ta sa mayafi, ta zauna a bakin gado tana jiran sallama. Har azahar shiru. Ta taga ta hango wata mata da aka ɗauko daga Unguwar Gano tana shiga da tata jakar.

Da la'asar Rifkatu ta leƙo, ta same ta zaune da jakar a cinya.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Za su manta."

"Ba mutuwar nake tsoro ba, Sista," in ji Uwani. "Ni duk wadda na wanke, na kalle ta. Tunanina wadda za ta wanke ni, ko ita ma bango za ta kalla."