Ranar da Bulus Ya Zama Mai Masauki

Ban taɓa mantawa da ranar Kirsimetin shekarar farin nan ba, shekarar da gero ya ƙone a tsaye tun bai fid da kai ba. A daminar ce kuma na rasa maigidana, Mai bishara Ayuba. Jikata Rifkatu ce take rubuta muku wannan, don ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Ta ce in share hawaye tukuna. Ba za su sharu ba, ta rubuta a haka.

Ku sababbin malaman makarantar Lahadi, bari in faɗa muku yadda aikin yake a lokacinmu. Majami'armu ƙarama ce, a wani ƙauye kusa da Kunci. Fasto yana can gunduma, sai lokaci-lokaci yake zuwa a kan keke. A ƙarƙashinsa akwai mai bishara, sai dattawan ikilisiya, sai mu masu koyar da yara a can ƙasa, kusa da tsintsiya. Darasi a takarda yake zuwa daga gunduma. Ayuba ne yake karanta mini, in riƙe a ka, ranar Lahadi in juye wa yara a gindin darbejiya.

Da ya rasu, ina zaune a ɗakin da ikilisiya ta gina mana a bayan majami'a. Ba ni da wani wurin. Farkon Disamba shugaban dattawa, Dattijo Yohanna, ya zo da saƙo biyu a rana ɗaya. Na farko, in kwashe kayana kafin sabuwar shekara, wai za a turo sabon mai bishara. Na biyu, darasin Kirsimeti ya iso, kuma a kan harshe ne: yadda magana take warkarwa, take kuma kashewa.

Ya karanta mini shi a tsaye, da sauri, kamar mai biɗar mota. Sannan ya tara yaran ya yi musu nasa wa'azin.

"Ku kula da bakinku! Abin da ba za ku iya faɗa a gaban mutum ba, kada ku faɗa a bayansa."

Yaran da rabonsu da tuwo tun jiya suka ce, "To, Baba."

Al'adarmu ce yara su yi wasan haihuwar Almasihu ranar Kirsimeti da hantsi. Na so in ba Bulus, ɗan Dattijo, matsayin Yusufu. Dattijo ya ce faufau.

"Ɗana ne zai ja jaki da tsumma a jiki? Nemo masa na mai gida."

Mai gida ɗaya ne a wasan, wato mai masaukin da ya hana Maryamu ɗaki. Na ce, "Dattijo, ka san abin da mai masaukin ya yi kuwa?"

"Saratu, ni za ki koya wa Littafi? Zai sa babbar riga ko ba zai sa ba?"

Na ce zai sa.

Tun da ba na karatu, ba na ba yara magana su haddace. Nakan gaya musu labarin, in ce kowa ya faɗi nasa da bakinsa, yadda yake jin manya suna yi. A wajen gwaji Bulus ba ya cewa komai sai "Babu wuri," a hankali, kansa a ƙasa. Na ce, "Ɗan nan, buɗe murya. Yi kamar mai gida na gaske." Iyakar abin da na faɗa masa ke nan, Allah shaida.

Ranar ta zo. Babu shinkafa, babu nama, amma wurin ya cika. Fasto ya iso. Maƙwabtanmu Musulmi sun zo kallo kamar kowace shekara, har Mai unguwa aka ba shi kujera a gaba, kusa da Dattijo.

Dauda, wanda ya zama Yusufu, ya jawo jakin aro, Laraba, wadda ta zama Maryamu, tana kai da tsumma cushe a ciki. Ya yi sallama. Sai ga Bulus ya fito cikin rigar ubansa, tana jan ƙasa. Ya yi gyaran murya, ya saɓa hannun rigar a kafaɗa. Mutane suka fara dariya, don kowa ya gane tafiyar. Dattijo har da gyaɗa kai, yana taɓa Mai unguwa.

Dauda ya ce, "Mai gida, a taimaka mana da ɗaki, matata ba ta da lafiya."

Bulus ya ɗaga murya. "Babu wuri! Ɗakin gadon ubanta ne? Mijinta ya mutu, me take jira?"

Dauda ya saki igiyar jaki. "Kai, ban mutu ba! Ga ni!"

Bulus bai kula shi ba, ya riga ya hau. "Ta fita kawai. Hatsina zan zuba a ciki, in bazara ta yi in sayar. A ce mata sabon mai bishara ne zai zo. Ai ba ta karatu, wa zai gaya mata?"

Dariya ta ɗauke. Uwar Bulus ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na zauna a ƙasa ina kiran sunan Ayuba.

Mai unguwa ya juya a natse ya ce, "Dattijo, a littafin naku haka yake?"

Bulus ya ga wuri ya yi tsit, ya zaci kuskure ya yi. Ya dubi ubansa ya ce, "Baba, ba haka kake cewa ba?"

Bayan sujada Fasto ya zauna da dattawa. Ashe ba wanda ya taɓa maganar turo sabon mai bishara. Aka ce in zauna a ɗakina, kuma na zauna har ɗana ya zo ya ɗauke ni bayan shekaru. Amma dattawa ba sa barin ɗan'uwansu ya faɗi shi kaɗai. A zaman suka yanke cewa mace marar karatu ba ta dace da koyar da yara ba, tun da tana barinsu su faɗi abin da ba a rubuce ba. Aka karɓe ajin. Dattijo ya ci gaba da shugabanci. Bulus ya sha bulala, na je roƙo aka ce ba na ciki.

Ajin nan ya fi ɗakin yi mini ciwo, har yau.

To, 'ya'yana, abin da na gani a aikin nan shi ne, ku safiya ɗaya kuke da ita a mako, sauran kwanakin yaro yana gida, kunnensa a buɗe. Ku koya musu kula da harshe, aikinku ne. Amma yaran ba su ne suka fi bukatar darasin ba. Masu bukatarsa suna kan kujerun gaba, kuma su ne za su zauna su yanke ko kun iya koyarwa.