Baba Gershon, Mai Riƙe Ƙafa a Bakin Dutse

Kullum da safe, kafin ya taɓa fartanya, Baba Gershon Kumai sai ya hau dutsen da ke bayan gonarsa ta citta, wajen Fadan Kaje, inda rafi ke zubowa cikin ramin da ya fi tsayin giginya biyu. Yakan tsuguna ya dubi ruwan rafin. In ya yi ja, an yi ruwan sama can gaba, ranar ba mai taka dutsen. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ba wanda ya ɗauke shi aikin.

Ni tsohon direban babbar mota ne, a aji huɗu na tsaya. Amma na yi yawo, na gane abu guda: mutum yana son leƙa abin da zai iya kashe shi. Ka hau gada, sai fasinja ya miƙa wuya ta taga. Ba wauta ce kawai ba. Ran da gabanka ya faɗi, ran nan kake tuna kana da rai.

Baba Gershon ya san haka, shi ya sa, in ba ranar jan ruwa ba, ba ya hana kowa. Ya ce mini, "Ka hana shi, zai zagaya inda ba ka gani." Dokarsa ita ce: cire takalmi, kwanta rubda ciki, ja jiki zuwa baki. Shi kuma ya zauna a bayanka, ya kafa diddige cikin wata tsaga, ya riƙe idon sawunka da hannu biyu. Fasto ya kwanta, soja ya kwanta. Matan Zumuntar coci daga Zonkwa sun kwanta da ankonsu, wata tana ihu, "Baba, in ka sake ni, mijina zai kama ka!"

Ya ce, "Mama, wa ya sani, ƙila ya kawo mini kaza."

Litinin ɗin Ista, shekara uku da suka wuce, na kai 'yata Jacinta. Farar riga ta sa, ta ƙi kwanciya.

"Baba Gershon, hoto ɗaya kawai, a tsaye."

Bai yi mata gardama ba. Ya zauna, ya kafa diddige, ya kama ƙafarta guda. Ta ɗaga waya, ɗaya ƙafar ta taka gansakuka. Sai kawai na ga rabin 'yata a sarari, waya ta tafi ƙasa. Ni da birki ya taɓa tsinke mini a gangare ban firgita ba, na kasa ɗaga ƙafa. Na ji kafaɗarsa ta yi ƙara. Bai sake ba. Cewa ya yi, "Direba, ka zama gunki ne? Zo ka ja!"

Baba Gershon, kai ne turken bakin dutse. Kai ne ka ba da kafaɗa, na koma gida da 'ya. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take.

Hannun bai koma daidai ba, bana ya ce ya ajiye aikin. Lahadin da ta wuce, bayan sujada, muka je yi masa godiya. Jacinta ta tambaye shi yadda ramin yake a idonsa. Ya yi dariya.

"Ban taɓa gani ba, 'yata. Wa zai riƙe ni?"

Muka ce mu za mu riƙe shi.

Mun gode, Baba. Ubangiji ya riƙe ka yadda ka riƙe namu. Ku kuma masu ƙarfin hannu, tsagar nan tana nan, ku je ya nuna muku yadda ake kafa diddige, don mutane ba za su daina leƙe ba.

Ranar dai ya cire takalmi, ya kwanta. Jacinta ta kama ƙafar dama, na kama ta hagu. Ya daɗe yana kallo, feshin ruwa na jiƙa masa furfura. Can muka ji muryarsa:

"Ashe gaskiyarsu ce. Kada ku ja ni tukuna."