Lakar da Na Shafa a Ƙafa

Jiya da na buɗe famfo, warin maganin ruwan nan, kulorin, ya bugi hancina. Sai ga ni tsaye a ɗakin kakata, a ƙauyenmu na bayan Basirka.

Kakata ba ta yarda da ruwan kowa ba sai na randarta. Ni nake ɗebo mata daga rafi, jajawur da damina. Takan daka 'ya'yan zogale ta ƙulle a tsumma ta kaɗa a ciki, kafin la'asar laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Randar kuwa sai ta turara ta, ta jefa saiwar jema don ƙanshi. Wallahi har yau ban sha ruwa mai daɗin wannan ba.

Shekarar da aka yi amai da gudawa, lokacin da arzikin fetur ya fara kawo motocin gwamnati lungunmu, duba-gari ya zo ya zuba magani a rijiyar masallaci, ya hana shan rafi. Ya ce zogale laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe abin da ido ba ya gani. Shanunmu suka shinshina ruwan suka kau da kai. Kakata ta ce, "Abin da saniya ta ƙi ne za a ba ni? Ku sha asibitinku."

A makon aka fita da gawa daga maƙwabtanmu, su ma masu shan rafi. Mahaifiyata ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Daga yau na rijiya za ki zuba mata. Kada ki bari ta gane."

Haka na koyi ha'inci. In ɗebo, in bar tulu a buɗe har warin ya ragu, in ninka jema. Har laka nake shafawa a ƙafa don a ce daga rafi nake. Duk sanda ta ɗaga moɗa sai in zuba mata ido, don na san in ta gane, da kanta za ta gangara rafin. Ita kuwa sai ta kurɓa, ta dube ni, ta ce, "Ƙawata, rafin nan ya sake hali." Ta ci gaba da kaɗa zogalenta.

Annoba ta wuce ta bar mana ita. Ranar da zan tafi makarantar kwana a Birnin Kudu, na durƙusa sallama, sai ta ce, "To, yanzu wa zai riƙa shafa laka a ƙafa yana kawo mini ruwan rijiya?"

Na ɗago kai na dube ta, sai ta ƙara da cewa:

"Tun kurɓar farko na sani. Na ga kina so in ƙara kwana biyu a duniya, na ce bari in sha."

Yau jikokina ruwan leda suke sha, ba su san kwalara ba sai a rediyo, kuma na gode wa Allah. Amma na sayi randa, na turara, na zuba jema, ɗanɗanon ya ƙi dawowa. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai.