Bahon Kyanwar Inna Mero

Inna Mero haifaffiyar Farin Dutse ce, amma aure ya kai ta Zandam tun da ƙuruciya, kuma a can mutane suka san ta. Mijinta Malam Buba manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Ita kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk wanda ya taso a unguwarsu ya san ƙamshin suyarta, ya kuma san faɗanta, don mace ce mai zafin nama wadda ba ta iya zama a yi mata abu. Ita ke ɗebo ruwanta, ita ke yi wa ɗakinta daɓe. Ta haifi 'ya'ya da dama, Allah ya karɓi mafi yawansu tun suna ƙanana. Wanda ya rayu shi ne Abdulbaqi, ya yi karatu ya zama malamin makaranta a Birnin Kudu.

Da Malam Buba ya rasu, Abdulbaqi ya yi juyin duniya ta koma wurinsa, ta ƙi. Ta ce ba ta ga abin da zai raba ta da turminta da maƙwabtanta ba. A shekarun zaman kaɗaicin nan ne ɓeraye suka addabi buhunan gyaɗarta, sai maƙwabciyarta Lailatu ta ba ta 'yar kyanwa mai ruwan toka. Inna ta sa mata suna Toka. Don ɓera aka kawo ta, amma kafin shekara ta zagayo ta zama abokiyar hira. Inna na tuƙin ƙuli tana ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya rasu, ita kuma tana kwance a gindin murhu tana lumshe ido. A duk tsawon zaman nan Inna ba ta taɓa tunanin inda Toka take biyan buƙatarta ba. Akwai rairayi a bayan rumbu. Takan je ta tona, ta gama, ta binne abinta.

Wata safiya Inna na cikin tuƙi sai muciya ta suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya ta ɗauka, sai ta kife. Lailatu ce ta ji faɗuwar ta shigo da gudu. A asibiti a Birnin Kudu aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Hannu da ƙafa suka daina jin magana, harshe ya yi nauyi. Da ta fara iya haɗa kalma, abin da Abdulbaqi ya fara ganewa a bakinta sunan kyanwar ne. Ranar da aka sallame ta zuwa gidansa, ya hau babur ya je Zandam ya ɗauko Toka a cikin kwali.

Gidan haya ne, ɗaki biyu da falo, tsakar gidan kuma an shafe shi da siminti daga ƙofa har katanga. Ko tafin hannu na ƙasa babu. Kwana na farko Toka ta zagaye gidan tana kuka tana kartar siminti, daga ƙarshe ta yi abinta a bayan buhun gawayi. Matar Abdulbaqi, Ummussalma, ita ta kwashe. Da yamma Abdulbaqi ya samo wani tsohon baho, ya cika shi da yashin da ya roƙo a wurin masu gini, ya ajiye a lungu kusa da ƙofar ɗakin Inna. Toka ta shinshina, ta shiga, ta tona. Inna na kallo daga kan katifa, ranta ya ɗan yi sanyi.

Sanyin bai daɗe ba. Lokacin zafi ne, kafin azahar wari ya cika ɗan tsakar gidan, ƙudaje sun yi dandazo. In Toka ta binne sai ta watso yashi har bakin tabarmar da ake cin abinci. Ga Hidaya, 'yar gidan, ta fara rarrafe. Wata rana Inna ta hango yarinyar ta nufi bahon. Uwar tana banɗaki. Inna ta yi yunƙurin tashi, jiki ya ƙi. Ta buɗe baki ta yi kira, abin da ya fito gurnani ne kawai. Tana ji tana gani jikarta ta dafa bakin bahon ta cusa hannu ta damƙo yashi. Da hannun hagu Inna ta laluba ta samu kofin silba ta yi ta buga shi a ƙasa har Ummussalma ta fito a guje ta fizge yarinyar, hannun na dab da baki.

Da Abdulbaqi ya dawo, Ummussalma ta tare shi a tsakar gida, muryarta ƙasa-ƙasa, amma Inna na ji.

"Malam, wallahi ba ƙin kyanwar Inna nake yi ba. Amma ka ga abin da ya faru yau. Kuma a wurin awo an ce mai ciki ta nisanci kashin kyanwa. Ni ce mai kwashewa."

"Ni zan riƙa kwashewa kafin in fita," in ji shi.

"In ka fita fa? Sai ta jira ka dawo?"

Washegari ya dawo da wata babbar roba mai murfi. Ya ce ya gani a waya, mutanen birni rufaffen akwati suke yi wa kyanwowinsu, ba wari, ba ƙuda, yaro ba ya kaiwa. Ya ɗora wuƙa a wuta ya yanka ƙofa a gefen robar, ya zuba sabon yashi, ya rufe. Aikin ya yi kyau, har Ummussalma ta yi murmushi.

Toka ta leƙa kanta ciki, ta ja da baya. Ya kama ta ya tura, ta fito a fusace ta bar masa karta a hannu. Ta yini tana riƙewa. Da la'asar aka tarar ta yi a kan dardumar sallar Inna.

Inna ta san dalili. Cikin robar zafi ne kamar tanda, warin da mutane suka huta da shi yana nan a kulle tare da ita, kuma kyanwa ba ta son tsugunawa inda ba ta ganin abin da ke zuwa ta bayanta. Ta yi ƙoƙarin faɗa. Da ƙyar ta ce, "Murfi. Cire." Abdulbaqi ya durƙusa a gabanta.

"Inna, na gane. In na cire, Hidaya fa?"

Inna ta dubi ƙafarta. Da tana da ƙafa, da kafin gari ya waye ta kwashe yashin ta zubar, ta goya Hidaya ta yi aikinta, babu wanda zai san ma akwai baho a gidan. Amma ita kanta yanzu a fo take yi, Ummussalma ce ke ɗaga ta, ta wanke ta, ta fita da shi a rufe, da cikinta a gaba, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Da wane baki za ta ce a ƙara wa yarinyar nan wani kashin?

Sun gwada duk abin da ya zo musu. An huda murfin don iska ta shiga, Toka ta ƙi. An ɗora buɗaɗɗen bahon a kan tebur, ta ture shi. An kai shi soro, maƙwabcin da suke haɗa ƙofa da shi ya yi magana. An shigar da shi ɗakin Inna aka rufe ƙofa, sai ɗakin ya gagari shiga, masu zuwa dubiya suna gaisuwa daga bakin ƙofa suna toshe hanci da mayafi. Toka ta rame, ta koma ɓuya a ƙarƙashin gado.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Abdulbaqi ya shigo ya zauna a gefen katifar. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Inna, ke za ki faɗa. In kin ce ta zauna, za ta zauna, mu san yadda za mu yi. In kuma kin yarda, Lailatu ta ce a kawo mata ita."

Ummussalma na tsaye a bakin ƙofa da Hidaya a kafaɗa, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Inna, kada ki duba ni. Zan iya."

Inna ta dube ta, ta dubi ƙarƙashin gadon. Ta so a ce sun yanke hukuncin ba su tambaye ta ba, da ta samu wanda za ta yi wa fushi. Ta tattara harshenta ta ce, "Kai ta."

Da ya zo sa ta a kwali, Toka ta maƙale wa zanin Inna da farce. Sai da Inna ta sa hannunta mai lafiya ta ɓamɓare faratan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka a gabansu ba. Abincin rana dai ya koma yadda aka kawo shi.

Bayan 'yan kwanaki Lailatu ta kira, aka kara wa Inna wayar a kunne. Ta ce Toka ta ƙi zama a gidanta, ta haura katanga ta koma gidan Inna da ke kulle, can take kwana a ƙofar ɗaki. Ta ce tana miƙa mata tuwo ta kan katanga, wani lokaci a ci, wani lokaci kaji su riga ta. Da damina ta yi nisa ta sake kira, ta ce kwana biyu ba ta gan ta ba, amma wataƙila tana shiga gonaki.

Ummussalma ta sauka lafiya, an samu namiji. Inna ta fara iya zama da kanta in an jingina ta da bango, maganarta ma ta ɗan saki. Ranar suna, da baƙi suka watse, ta kira Abdulbaqi ta ce tana so a kai ta Zandam, ko yini ɗaya ne. Ya dubi ƙafarta, ya yi tunanin hanya da ruwan da ake ta yi.

"Bari ruwa ya ɗauke, Inna. In Allah ya yarda."

Ta ce, "To."