Azumin da Mushe Ya Yi da Ƙafa

Ran Juma'ar nan na tashi da mita, kamar kullum. Mijina Antuwan yana ɗaura takalmi zai tafi lakwal, makarantar da yake koyarwa, da ƙafa, ni kuwa ina dama wa uwarsa koko ina faɗin abin da ke raina.

Mu 'yan Katolika ne daga Dogon Dutsi. Aikin koyarwa ya kawo mu wani ƙauye kudu da Dungas, dab da iyaka. Gidanmu kaɗai ne na Kirista a garin. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, har ni.

Kafin Idin Tashin Yesu muna azumin kwana arba'in, kowa ya bar wani abin da ransa ke so. Ni na bar nama. Shi ya bar babur ɗinsa. Ya miƙa makulli ga maƙwabcinmu Malam Ilu, ɗan kabu-kabu da nasa babur ɗin ya mutu, ya ce ya nema wa yara abinci har azumi ya wuce. Na ce wannan ai wauta ce: ga Inna gwiwa ta hana ta takawa, ga ni da goyo. Amma ba zan ɓoye ba, tafiyar ƙafar ta gyara shi. Mutumin da ya yi shekaru bai durƙusa gaban Allah ba, sai ga shi da carbi a hanya. Faɗa ma ya daina. Har haushi abin ya riƙa ba ni.

Da hantsi na ji ƙara daga wajen kasuwar dabbobi. Na ɗauka taya ce ta fashe. Sai ta biyu, sai a jere. Sai kukan babura da yawa. Wani ya wuce ƙofarmu a guje yana cewa, "Ɓarayi! Ku fita!"

Malam Ilu ya kai fasinja Dungas tun da safe. Na goya Sesiliya, na ja Inna har bakin ƙofa, ta zube. Nan muka zauna. Maƙwabta suna ta wucewa.

Mushe ya iso yana haki. Sai da ya sallami 'yan lakwal ta bayan gari kafin ya rugo. Ya durƙusa, na ɗora masa uwarsa a baya.

Muka bi gonaki, muka nufi Yekuwa. Rairayi yana cin ƙafa. Rana ta take. Ran Juma'a ba ya cin komai sai yamma, ko kokon bai sha ba. Ina jin numfashinsa a bayana kamar na sa mai jan guga. Hayaƙi ya tashi daga gari. Ban sake waiwayawa ba.

Wajen azahar muka cim ma wata amalanke da sa ke ja, cike da mata da yara. Mai amalanken ya dube mu, ya ce, "Tsohuwa da mai goyo." Aka matsa mana. Kaya ya yi nauyi, ƙafafun amalanken suka nutse. Mushe ya koma baya ya sa kafaɗa ya tura. Ta fita. San ya ɗauki sauri, shi ƙafarsa ta ƙare. Ya yi mana alama da hannu mu tafi.

Muna hawa tudu na ji babur biyu a baya. Na ji an ce, "Tsaya." Na ji harbi ɗaya. Mai amalanken bai tsaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A bakin wata rijiya kusa da Yekuwa muka sauka. Mata suka ba mu fura. Inna ta ƙi sha, ta ce sai ɗanta ya zo.

Da la'asar sakaliya Malam Ilu ya iso. Tun da labari ya kai Dungas yake bin gonaki yana nemanmu. A kan babur ɗin ya kawo Mushe, ya ɗaure shi a bayansa da rawani. Ya kwance shi a hankali, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

A Magarya muka binne Mushe, saura mako biyu Idi. An tambaye ni ko da babur ɗin yana gida da mun tsira duka. Ban sani ba. Mutum huɗu ne, ɗaya ba ta iya riƙe kowa. Wani lokaci in ce da mun tsira, wani lokaci in ce a'a.

Mu huɗu muka fito daga gida. Yanzu mu uku ne a ɗaki ɗaya. Inna ba ta ƙara cewa a ɗaga ta ba. Ko ruwa take so, da jan gindi take zuwa randa.