Kanwa a Cikin Soɓorodon Baba

Shekaru sun ɗan ja, kuma abin da mutum ya ji kunyarsa yakan sake kama a cikin zuciya, saboda haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Amma launin ruwan nan, ina jin ban manta da shi ba.

Lokacin na gama jami'a, na samu aiki a wani buro, wato ofis, a unguwar Plateau ta Yamai, na kama ɗaki a unguwar Koira Kano. Akwai yarinyar da nake nema, kuma wanda zai je wurin iyayenta shi ne ƙanin mahaifina, tela ne a Zongo, muna ce masa Baba. Shi ya riƙe ni duk zaman karatuna. Na yi masa maganar, ya ce ba zai taka ƙofar kowa ba sai ya ga yadda nake zaune, ya ga ko na isa riƙe gida. Ya sa rana a cikin azumi, zai zo shan ruwa.

Baba yana da tansiyo, wato hawan jini, ga ciwon sukari. Likita ya hana shi gishiri da zaƙi. Soɓorodo, wanda a Yamai aka fi cewa bisap, yake sha kullum, ba sukari, don ya ce yana saukar masa da jini. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, amma na san yana sonsa. Na sayo jajayen soɓorodo masu kyau, na wanke, na tafasa da citta da na'ana'a, na tace. Da yake ina azumi, sai na roƙi maƙwabciyata, wadda ba ta azumi ranar, ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska, ta ce tsamin zai zubar da haƙori, ta wuce.

Nan hankalina ya tashi. Sukari ba dama. Sai na tuna mahaifiyata a gida, idan tana miyar yakuwa takan zuba ɗan jiƙon kanwa, tsamin ya kwanta. Na ce a raina, ai yakuwa da soɓorodo itace ɗaya ne, wannan ganye, wancan kan fure. Na jiƙa kanwa na zuba. Wataƙila na zuba fiye da yadda nake tunawa. Ina kallo jan nan ya juye, ya koma baƙi-baƙi, kore-kore, kamar ruwan da aka wanke sabon shuɗi. Ladan ya kusa kiran salla. Na sa ƙanƙara, na juye a cikin kofunan roba masu duhu.

Baba ya zo da amininsa, wani direba Bazabarme. Mu Gobirawa ne, da wasa tsakaninmu da su. Aka kira salla, Baba ya ci dabino, na miƙa masa kofin. Ya kurɓa, ya tsaya. Ya leƙa ciki. Sai a lokacin na tuna kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ga mai tansiyo da ya wuni bai sa komai a ciki ba. Ya kamata in riƙe hannunsa. Sai na tsaya ina gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Baba ya shanye, ya ce alhamdu lillahi.

Direban ya kurɓi nasa, ya furzar a ƙofar ɗaki.

"Kai, Bagobiri! Wanki ka yi ka ba mu ruwan?"

"Bar min ɗana," in ji Baba.

"Ɗanka? Magajinka dai! Keken ɗinkin yake so, ka rubuta wasiyya tun yanzu."

Na durƙusa na ce, "Baba, kanwa na sa, don tsami. Ko mu je asibiti?"

"Kanwa," in ji shi, a hankali. "Ai tsamin nake sha, ɗana. Da ka tambaye ni."

Muka yi salla. Ko raka'a ɗaya ban san me na karanta ba, ina satar kallonsa ko zai yi tangaɗi. Bai yi ba. Ya ci shinkafar da na dafa ba gishiri, bai yaba ba, bai kushe ba. Da na raka su bakin titi, na riga na haƙura da aure a wannan shekara. Baba ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya juyo.

"Bayan salla zan je wurin mutanen nan. Wanda ya damu da jinina har ya ɓata ruwa, zai damu da 'yar mutane. Amma ka riƙa tambaya."

Ya je ɗin. Abin da ban zata ba, direban ya raka shi, ya kwashe labarin duka ya zuba a gaban surukaina. Har yau idan na je gaisuwa aka kawo bisap, surukata takan ce a ɓoye kanwa, mai gida ya zo. Nakan yi dariya tare da su. Abin da ba ya ba ni dariya shi ne tsayuwar da na yi ina kallon dattijo yana sha.

Direban yana cewa Baba kofi biyu ya sha, maƙwabciyata kuma ta ce ta hana ni sa kanwar tun farko. Ban tuna ko ɗaya ba. Duk wanda ya ga abin, ko ya ji daga bakin Baba, ina roƙonsa ya aiko min da inda na kauce, in gyara.