Kyaftin Abdulkabir da Rediyon da Ya Kurmance a Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu Ya karɓi abinsa. Ranar Talata, ashirin da uku ga watan Satumba, gab da magariba, Allah Ya yi wa Kyaftin Abdulkabir Hadi rasuwa a fadamar Tsamiyar Ɗanliti, arewa da Ɗanbatta. Ƙaramin jirgin feshin da yake tuƙawa ne ya sarƙe da wayar wutar lantarki, ya faɗa cikin shinkafa. Shekararsa arba'in da ɗaya. Ya bar mahaifiya da mata da 'ya'ya huɗu. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa, kusa da kabarin mahaifinsa, Malam Hadi.

Ni Sabiru, malamin gona, ni ne nake tsaye a ƙasa da oba-oba a hannu ranar, ni ganau ne ba jiyau ba. Na so in rubuta ta'aziyya irin wadda aka saba, a yabi mamaci, a yi masa addu'a, a watse. Na kasa. Ana nema a ɗora maka laifin mutuwarka, Abdulkabir, kuma da hannuna ake so a ɗora shi. Ba zan yarda ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wanda bai taɓa noma ba ba zai san abin da jan-baki ke yi ba. Tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma idan suka taso sai su rufe rana, gonar da aka yi wata huɗu ana wahala a kanta su share ta kafin azahar. Manoma kan ja igiyoyi a gona, su rataya gwangwanaye da tsummoki da ledoji, su wuni suna ja suna ihu har murya ta dushe. In abin ya fi ƙarfinsu sai a turo jirgi ya yi feshi a makwancin tsuntsayen da yamma, lokacin da suka dawo kwana. Jirgin yana saukowa ƙasa sosai, bai fi tsayin bishiyar kuka ba. A wannan tsayin matuƙi ba ya ganin rabin abin da ke gabansa, mutumin da ke ƙasa shi ne idonsa. Shekara shida ina wannan tsayuwar dominka.

Kai ka sa mini suna Hasumiya, don ka ga Allah bai ba ni tsayi ba. Har a gaban manyana a ofis ba ka fasa ba. Kai kaɗai na sani da zai sauko daga jirgi, ya tuɓe kaki, ya ɗauki fartanya ya shiga gonar gyaɗar mahaifiyarsa. In aiki ya biyo da kai ta saman gari sai ka karkata fikafikai a kan gidanku, mahaifiyarka Inna Kaltume ta fito tsakar gida tana faɗa, wai ka hana kajinta saka ƙwai. Faɗan bai taɓa hana ta tsayawa tana kallo har ka ɓace ba.

Akwai wata yamma a wajejen Shanono da ba na mantawa. Ka riga ka sauko, saura kaɗan ka saki magani, sai na hango shanu sun gangaro shan ruwa a gefen kurmin da tsuntsayen ke kwana. Na ce maka akwai shanu. Ban rufe baki ba ka ce, "Na ji ka, Hasumiya," ka ɗaga jirgin ka koma Kano da maganinka a ciki. Masu jirgin sun yi maka faɗa a kan man da ka ƙona a banza. Ka ce da su gara a ƙona mai da a kashe wa makiyayi garke. Wannan shi ne mutumin da yau ake cewa an gargaɗe shi ya yi kunnen ƙashi.

A bara aka saka wa jirgin sabon rediyo. Kyakkyawa ne, da lambobi masu haske, an ce ya fi tsohon komai. A ƙasa kuwa babu abin da za ka kushe masa. Amma da an yi rabin awa a sama, inji ya yi zafi, jirgi yana girgiza, sai ya kurmance. Fitilarsa tana ci, lambobinsa suna nan, sai dai ko kukan sauro ba ya shigowa. Matuƙi ba shi da hanyar sanin cewa ana kiran sa. In an sauka ya huce, sai ya dawo garau kamar ba shi ba.

Mudassir, injiniyan jirgin, ya canza eriya. Ya canza wayoyi, ya canza abin sawa a kunne, ya bi kowane ƙulli da hannunsa. Bai canza zani ba. Aka cire rediyon aka aika wa wakilin kamfanin da ya ƙera shi, can Legas. Bayan sati biyar ya dawo da 'yar takarda: mun gwada shi, lafiyarsa ƙalau. To ina zai ƙi zama ƙalau? A kan tebur suka ɗora shi, a ɗaki mai sanyi, babu zafi babu girgiza. An sake aikawa, aka sake dawo da shi da takardar nan, har wurin sa hannun bai canza ba.

Ka rubuta wa uwar kamfanin a ƙasar waje. Na ga wasiƙun, domin a ofishina kake zama ka tura su in ka zo gida. Ta farko inji ne ya amsa, ya gode maka da zaɓar kayansu. Ta biyu suka ce laifin wanda ya haɗa rediyon ne. Mudassir ya ɗauki hoton kowace waya ya tura, suka yi shiru wata guda. Daga nan suka ce ka ɗauko musu bidiyon matsalar lokacin da take faruwa. Mutum yana tuƙa jirgi a tsayin bishiya, ga magani a bayansa, shi ake cewa ya saki sitiyari ya ɗauki bidiyon shiru. Ta ƙarshe suka ce wataƙila zafin yankinku ne. Da za su sayar ba su tambayi zafin yankinmu ba. Ka nuna mini matuƙan ƙananan jirage a wasu ƙasashe suna wannan kukan a intanet, kowa an ce masa shi kaɗai ne ya taɓa kawo ƙorafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma su sun zauna a inuwa suna rantsuwa cewa rufin lafiya lau.

Masu jirgin kuwa suka fake da takardar. Tunda wanda ya ƙera ya ce ƙalau, a kan me za a canza? Shi ke nan magana ta mutu.

Sai ni da kai muka yi dabararmu. Muka ce in rediyo ya ɗauke kuma akwai haɗari, zan ɗaga jan ƙyalle a kan doguwar gora, in ka gani ka tashi sama ka koma. A filin jirgi muka yanke wannan shawara, kan kwalta fetal, inda jan ƙyalle ɗaya ake hango shi daga nesa. Mu biyu 'ya'yan manoma ne, amma babu wanda ya tuna yadda fadama take a lokacin jan-baki.

Ranar Talatar, hanya ta ɓaci da ruwan da aka yi, ban isa Tsamiyar Ɗanliti ba sai la'asar sakaliya. Ka riga ka taso daga Kano. Ina sauka daga babur na ga abin da babu shi lokacin da muka zagaya wurin sati guda baya: sababbin turaku, da waya da aka ja ta tsallake fadamar zuwa wani sabon injin gyaran shinkafa. Kwananta huɗu da ja. Ta ratsa daidai hanyar da za ka bi ka shiga kurmin, kuma rana tana gabanka. Wannan kasona ne a cikin abin da ya faru. Da na sake zagayawa da safe da na gan ta tun kana ƙasa, kuma ba zan daina tambayar kaina dalilin da ya sa ban je ba.

Na danna oba-oba na kira ka. Na ce akwai waya, kada ka sauko. Shiru. Na sake, na sake, har sau bakwai, ina hango ka kana tahowa. Na kira wayarka ta hannu, ko da yake na san ƙarar inji ba za ta bari ka ji ba. Sai na zari gorar na ɗaga.

Mutanen ƙauyen duk sun hau tudu, nesa da inda maganin zai sauka, kamar yadda aka umarce su. Sati biyu suna fama da tsuntsayen nan, idonsu ya faɗa. Kowa yana riƙe da abin da yake kora da shi, tsumma a kan sanda, tsohon zane, buhu. Da suka hango jirgin sai murna ta kama su, suka hau kaɗa su a sama, mata na guɗa. A cikin ƙyallayen akwai jajaye sun fi ashirin. Ƙasan tudun kuma fadamar kanta cike take da tsummoki a kan igiyoyi. Na ratsa cikinsu a guje ina cewa su sauke, su sauke, suka ɗauka taya su murna nake yi. Ka karkata musu fikafikai, ka gaishe su. Sannan ka sauko.

Ba zan rubuta abin da na gani bayan nan ba. Mu muka ciro ka. Dattawan ƙauyen sun yi ta kuka kamar yara, wani tsoho yana cewa, "Mu muka kashe shi, Malam, mu muka kashe shi da murnarmu." Na ce masa a'a, Baba, kuma har gobe a'a nake cewa. Talaka ya ga mai ceton gonarsa ya ɗaga masa hannu, wannan ba laifi ba ne. Laifin yana wurin waɗanda suka bar ran mutum ya rataya a kan ƙyalle da gora, alhali an gaya musu, an rubuta musu, an roƙe su.

Ina jin haushinka kai ma, Abdulkabir, ba zan ɓoye ba. Ka san rediyon nan ba amana gare shi ba. Na ce maka ka ajiye makulli ka ce ba za ka tashi ba sai an canza. Ka ce, "Hasumiya, tsuntsu ba ya jiran amsar imel." Ka yi gaskiya, ba ya jira. Amma shinkafa ana sake shuka ta.

Kwana tara da rasuwarka, mutum biyu suka same ni a ofis, ɗaya daga masu jirgin, ɗaya daga wakilin kamfanin rediyon. Sun yi ta'aziyya mai kyau, har da ayoyi. Sannan suka miƙo takarda in sa hannu. An rubuta cewa ma'aikacin ƙasa ya gargaɗi matuƙi ta rediyo sau da dama, ya kuma ɗaga alamar haɗari, amma matuƙi ya ci gaba da saukowa. Na karanta sau biyu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, nan ne muguntar take. An dai cire abu guda ne kawai, cewa gargaɗin bai isa kunnensa ba, kuma an san dalili tun bara. Na ce a ƙara wannan. Na wakilin ya ce, "Ai Malam ba mu da tabbas, sai an kai rediyon an gwada." Na tambaye shi wa zai gwada. Ya ce su. Na mayar masa da bironsa.

Sun san mamaci ba ya musu. Amma ni ina raye, Mudassir yana raye, wasiƙun suna nan an buga su an ajiye a wuri uku. Abin da ya saura na rediyon mun roƙi masu binciken hatsarin su riƙe shi a hannunsu, kada ya koma ɗakin sanyin nan. Duk inda aka kira ni zan je in faɗi abin da na rubuta a nan, ko da zai ci aikina. Ba diyya nake nema wa kowa ba. Ina so ne kada 'ya'yanka su girma suna jin ana cewa taurin kan ubansu ne ya mayar da su marayu.

Maganar ma ta riga ta shiga gari. Da na je gaisuwar bakwai, Inna Kaltume ta sa aka kira ni har ɗakinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sabiru, an ce ka yi ta kiran sa ya ƙi amsawa. Haka ne?" Na sunkuyar da kai, na fito ban ce mata komai ba. Wannan shirun ya fi komai damuna, domin na san yadda za ta fassara shi.

Ya Allah Ka jiƙan bawanka Abdulkabir. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya shi cikin waɗanda suka mutu a kan hidimar bayinka. Duk hatsin da ya tsira ta dalilinsa ya shiga bakin mai yunwa, Ka sa shi a mizaninsa. Waɗanda aka kai musu kuka suka toshe kunne, Kai ne Mai ji, mun bar su da Kai. Ni ma Ka yafe mini sakacina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Raudatu da 'ya'yansu, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marayun nan cikin albarka. Ga 'yan'uwansa, da abokan aikinsa, da mutanen Tsamiyar Ɗanliti da har yau ba su daina zuwa gaisuwa ba, Allah Ya ba mu dangana baki ɗaya.

Ke kuma Inna, na roƙi Raudatu ta karanta miki wannan a hankali. Ga amsar da na kasa ba ki. Na kira shi, gaskiya ne. Amma wallahi, Inna, bai ji ba. Da ya ji, da ya juyo.